Tambaya da Amsa: Munduwar azurfa mai tambarin Taxco

Tambaya: Na sayi tsohuwar munduwa a Kasuwar Kurmi, cikinta an buga "Taxco 925". Ta yi baƙi. In kai wa maƙeri ya narkar, ya yi mini zobba? Daga mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Hajiya, don Allah kar ki narkar! Taxco gari ne a Meziko. Wani Ba'amurke, William Spratling, ya yi ƙaura can a 1929, ya buɗe maƙerar azurfa a 1931, ya fito da salo mai kauri, marar tarkacen ado. Masu tara kayan tarihi aikin hannun suke saye, kuma wuta na cinye shi.

Lambar 925 na nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, sauran yawanci jan ƙarfe. Sa madubin ƙara girma ki duba gefen lambar. Hoton mikiya na nuna aikin 1948 zuwa wajen 1980, haruffa da lamba kamar TC-45 kuwa na bayan nan ne. Ana jabun tambari, saboda haka kara mata maganaɗisu: in ya kama, ba azurfa ba ce.

Wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ki goge da tsumma mai laushi. Baƙin da ke cikin zanen da gangan aka sa shi, toka ko soson ƙarfe zai kankare shi.