Na sa wa Land Cruiser turbo, sai ta fara shuɗin hayaƙi: turbon ne ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser mai injin 1HZ a Agadas, na sa mata turbo don ta ƙara ƙarfi a yashi. Tun daga lokacin take fitar da shuɗin hayaƙi, musamman idan ta daɗe a tsaye inji na aiki, kuma muna ganin baƙin mai a bututun iska. Bakanike ya ce sil ɗin turbon ne ya mutu, in sayi wani. Tiyon da ke mayar da mai ya haɗa shi ne a ramin da ake juye baƙin mai, a can ƙasan kaskon inji. Mene ne shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi wani turbo tukuna. Bayanin da ka yi a ƙarshen tambayarka shi ne inda na fi zargi, kuma idan ba a gyara shi ba, sabon turbon ma hayaƙin zai yi.

Injin 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2, Toyota ta ƙera shi ne ba turbo. Saboda haka hanyar shigar mai da ta fitarsa duk bakanike ne ke tsara su. Mai yana shiga turbo da ƙarfin famfon inji ta siririn bututu. Amma wajen fita babu abin da ke tura shi, nauyinsa kawai ke gangaro da shi. Ga shi kuma sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, sai ta kaɗa man ya yi kumfa, ya ƙara yawa a ido, ya rage saurin gangara. Shi ya sa dole hanyar fita ta fi ta shiga faɗi nesa ba kusa ba.

Abin da bakanike ya kira sil kuwa ba irin na roba ba ne da muka saba gani a karanshaf. Ƙaramin zobe ne na ƙarfe, kamar ringin fistan, kuma babban aikinsa hana iska da hayaƙi shiga cikin gidan boris. Ba a yi shi don ya tare mai da ya taru ba. Muddin man yana wucewa ƙasa da sauri, zoben ba ya ma haɗuwa da mai mai yawa. Da zarar hanya ta cushe, man ya cika gidan ya kai tsayin sanda, sai ya bi ta gefen zoben, wani ya faɗa salansa ya ƙone ya zama shuɗin hayaƙi, wani ya bi bututun iska zuwa inji. Turbo lafiyayye ma haka zai yi.

To, ramin juye mai yana ƙarƙashin man da ke kwance a kasko. Tiyon da aka haɗa a wurin bakinsa a nutse yake, kamar indararon da aka cusa bakinsa cikin randa cike da ruwa. Man da ke saukowa da kumfarsa sai ya yi ta jira a cikin tiyo har ya hau sama. Gyaran shi ne a kwance kaskon gaba ɗaya, a huda shi a gefe daga can sama, a inda ya ɗara layin cikar mai, a yi waldar bakin bututu a wurin. Hanya mai sauƙi ta gane layin: bayan an kwance kaskon, a ajiye shi daidai yadda yake zama a mota, a zuba ruwa gwargwadon man da inji ke ɗauka, a yi alama, sannan a huda sama da alamar da tazara. Mota irin taka tana hawa da gangara a tudun yashi, man yana karkata gefe, don haka a ƙara ɗaga ramin gwargwadon yadda wuri ya ba da dama. Ina roƙonka kada ka yarda a huda kasko yana jikin inji. Ɓarɓashin ƙarfe kaɗan ya isa ya cinye metal, wato boris ɗin karanshaf. A wanke shi tas kafin a mayar.

Faɗin tiyon daga ciki ya kai kamar milimita 16, wanda masu sayar da kaya ke kira 10AN, kuma kada ya gaza faɗin ramin da ke jikin turbon. A duba mahaɗai ma, domin sau da yawa tiyo yana da faɗi amma ƙarfen da aka soka a bakinsa ya tsuke hanya. Daga turbo zuwa kasko ya riƙa gangara ne kawai: ba kwanciya, ba lanƙwasa mai kaifi, ba wurin da ya yi ciki ya sake hawa. Shi kansa gidan tsakiya na turbo ana iya sassauta shi a juya, har ramin fitar mai ya kalli ƙasa sosai. Kuma a yi hattara da gam a kan gaskit ɗin wurin. Idan aka lafta shi, yana matsowa ciki ya toshe rabin rami ba wanda ya gani.

Zafi ma abin lura ne. Tiyon yana wucewa kusa da manifol, wato mahaɗar bututun da hayaƙi ke fita daga inji, da bututun salansa, kuma tiyon ruwa na lagireto ba ya jure baƙin mai mai zafi, yana kumbura daga ciki alhali wajensa lafiya lau. A nemi wanda aka yi don mai, ko bututun ƙarfe da guntun tiyo a mahaɗa, a nisanta shi da salansa ko a sa masa rigar kare zafi.

Idan an yi duk wannan hayaƙi bai tsaya ba, a duba numfashin inji. Tsohon inji da ringinsa ya ci yana tura iska cikin kasko, kuma turbo yana ƙara wannan. Idan bututun numfashi ya toshe ko ya yi ƙanƙanta, iskar sai ta bi tiyon dawowar mai ta hau, ta tare man. Ka buɗe murfin zuba mai inji na aiki, ka ga irin iskar da ke bugowa. Sai kuma yawan man da ke shiga: turbo mai boris na ƙwallo yawanci yana buƙatar ɗan ƙarfen da ke tsuke hanyar mai, mai rami kamar milimita 1, a bakin shiga, mai bushi kuwa galibi ba ya buƙata, kuma rage masa mai don a kashe hayaƙi yana iya ƙona shi.

Kada ka yi doguwar tafiya kafin a gyara. Injin gas, wato dizal, irin naka yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona gas, kuma idan mai ya taru da yawa a bututun iska ya zuƙe shi, zai iya tashi da gudu ko an kashe makulli bai tsaya ba. A wanke bututun iska da intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo, idan akwai. Bayan gyara, salansa za ta ɗan ci gaba da hayaƙi har man da ya kwanta a ciki ya ƙone. Kafin ka yanke hukunci a kan turbon, ka cire bututun gabansa inji a kashe, ka taɓa sandar da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne a mai bushi, amma idan fanka tana gogar gida ko tana motsi gaba da baya, to sai an kai shi gyara.