Tambayi Likita: Gwajin Ƙanjamau da 'Yan Daudu

Wata uwa daga wani ƙauye a Ringim: Likita, ɗana ɗan daudu ne, yana tuyar waina a tasha. An gwada shi an ce yana da ƙanjamau, kishiyata har ta ware masa kwano da buta. Zai shafa mana?

Inna, ki mayar da kwanonsa cikin na 'yan'uwansa. Cutar ba ta bin kwano, buta, tabarma ko cizon sauro, kuma wainarsa lafiya lau take. Hanyoyinta su ne saduwa ba kariya, jini ta allura ko reza, sai daga uwa zuwa jariri.

Ki tsaya masa kan magani. Yawanci ƙwaya ɗaya ce kullum, kyauta a asibitocin gwamnati da ke bayarwa. In ya riƙe ta ba fashi, galibi cikin wata 6 cutar kan ja baya har awo ya kasa ganinta a jini, a lokacin ba zai sa wa kowa ita ta hanyar saduwa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda ke ɓoye kwalbar a ƙarƙashin katifa don gudun idon gida, yau a sha gobe a fasa, sai an kawo mana su a kwance. Ke za ki hana hakan, ko da da tambayar "ka sha?" ce bayan sallar isha'i.

Wani malami daga Dambatta: Na gani a Facebook wai masu sauya jinsi sun fi kowa kamuwa. Gaskiya ne?

Malam, akwai gaskiya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi bincike a birane 7 tsakanin 2019 da 2020 kan waɗanda aka haifa maza suke rayuwa a matsayin mata, ta samu 42 cikin 100 na ɗauke da cutar. Wannan lissafin can ne. Dalilan kuwa sanannu ne: saduwa ta dubura ba kororon roba ta fi saurin yaɗa ta, ga haɗa allura, ga wanda aka kora daga gida ya rasa abin ci, ga tsoron wulaƙanci a asibiti.

Wani da ya ɓoye sunansa daga Gwaram: Kwana 10 da yin saduwa ba kariya na gwada, ba a ga komai ba. Na tsira?

Ɗan'uwa, da saura. Gwajin tsinken nan na yatsa yakan ɗauki har wata 3 kafin ya nuna, don haka ka sake bayan nan. Da ka zo cikin awa 72, da an ba ka maganin riga-kafi na kwana 28. Sakamakonka sirri ne, kuma dokar Najeriya ta 2014 ta hana a nuna wa mai cutar wariya.