Gaɓoɓinka sun cika, amma baitin ya karye

Ɗana, ka kawo min wannan baiti na 'yar tagwai:

Manoma ku tashi ruwa ya zubo,
Kowa ya ɗauki fartanya ya fito.

Ka ce ka ƙirga, kowane ɗango gaɓa 11 ne, amma da ka zo rerawa sai harshe ya yi tuntuɓe a na biyu. To ai ba ƙirga gaɓa ake yi ba, auna ta ake yi. Abin da aruli ke nufi ke nan.

Gaɓar Hausa iri biyu ce a ma'auni. Akwai sassauƙa, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "ku". Akwai nannauya, wato baƙi da dogon wasali, ko baƙi da tagwan wasali irin "ɗau", ko wadda baƙi ya rufe irin "far". Ana sa wa sassauƙa alamar v, nannauya kuma –. Rubutun boko ne ke ruɗa masu koyo, don ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane v – ne, garin tuwo kuwa – –, ga shi rubutunsu ɗaya. Saboda haka kada ka yanka ɗango da ido. Furta shi da ƙarfi, a hankali, sannan ka sa alama. Ka kuma tuna sh, ts, ky da gw baƙi ɗaya ne kowannensu.

Yanka ɗangonka na farko:

ma-no-ma / ku-ta-shi / ru-wa-ya / zu-bo
v – – / v – v / v – – / v –

Wannan Mutaƙarab ne, ɗaya daga karuruwa 15, wato ma'aunan waƙa, da masani Halilu bin Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, kafin Ahfash ya ƙara Mutadarik su zama 16. Ƙafarsa, wato rukunin gaɓoɓin da ke maimaituwa, fa'ulun ce, v – –, sau huɗu a ɗango. Ka hau shi daidai ko da ba ka san sunansa ba, kunnenka ne ya kai ka.

Za ka ce ai ƙafa ta biyu da ta huɗu ba su cika ba. Haka ne, amma ba laifi ba ne, kuma nan ne ya kamata ka rarrabe zihafi da illa, domin yawancin ɗalibai a nan suke cakuɗawa. A "ku tashi", gaɓar ƙarshe ta sauƙaƙa, fa'ulun ta koma fa'ulu. Wannan zihafi ne. Yana iya zuwa a wannan ɗango ya ɓace a na gaba, ba wanda zai tuhume ka. A "zubo" kuwa gaɓa guda ce ta faɗi gaba ɗaya daga ƙafar ƙarshe. Wannan illa ce, mazauninta ƙarshen ɗango, kuma in ka ɗauko ta a wurin amsa-amo to ka aure ta, da ita za ka tafi har ƙarshen waƙar. Abin da zihafi ba ya taɓawa a fa'ulun shi ne v – na farkonta. Shi ke riƙe da ƙafar.

Yanzu dubi na biyu:

ko-wa-ya / ɗau-ki-far / tan-ya-ya / fi-to
– – v / – v – / – – v / v –

Tun daga gaɓar farko ka sauka daga kan kari, ka fara da nannauya inda ake son sassauƙa. "Fartanya" kuma nannauya uku ce a jere, alhali Mutaƙarab mai ƙarewa da v – ba ya ɗaukar fiye da biyu kafin sassauƙa ta gitta. Kalmar ba ta shiga wannan kari ko ta ina ka juya ta. Lura kuma da "ya". Na "ruwa ya zubo" dogo ne, don aikin ya riga ya faru. Na "kowa ya ɗauki" gajere ne, don umarni ne. Mutum zai sa musu alama ɗaya ya yi ta mamakin inda lissafi ya kwance.

Gyaran shi ne ka sake ɗangon, ba ka ja wasali da murya don ya cike gurbi ba. Masu yin haka suna tsira a gaban makirufo, amma ranar da wani ya karanta a takarda asiri ya tonu. Ga misali:

Ku shuka hatsi don ku sami rabo.
v – v / v – – / v – v / v –

Ka ga na gyara maka abu na biyu da ba ka tambaya ba. "Zubo" da "fito" ba su amsa juna sosai ba, wasali kawai suka haɗa. Amsa-amo mai kyau gaɓa ce sukutum, baƙi da wasalinsa. In "bo" ka zaɓa ya zama babban amsa-amo, wanda ke rufe kowane baiti, to kafin ka ƙara ko ɗango ɗaya ka zauna ka jera kalmomin da za su ɗauke ka: rabo, yabo, tabo, kwabo. Sabo da ɗebo sun ƙare da "bo", amma farkonsu nannauya ne, ba za su zauna a ƙafar v – ba. Karɓo da taɓo kuwa ɓ ne, ba b ba, ka ajiye su gefe. In ka ga kalmomin ba su kai yawan baitocin da kake nufi ba, sauya amsa-amon tun yanzu da baiti ɗaya kawai ke hannunka.