Half-Life 2 a tsohuwar kwamfuta

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Half-Life 2 ya cancanci yabon da ake masa, kuma ko tsohuwar kwamfutarka za ta ɗauka. Za ta ɗauka insha Allah, wasan 2004 ne na kamfanin Valve.

Ni labarin ne ya kama ni. Jarumin wasan, Gordon Freeman, ba ya furta ko kalma ɗaya, komai ta idonsa kake gani. Wasu abokaina a nan Garwa sun ƙosa da doguwar tafiyar jirgin ruwa da ke cikin wasan, amma garin Ravenholm kam kowa ya yaba. Kada ka yi ta gudu kana harbi, tsaya ka saurari hirar mutane, can labarin yake.

In kwamfutar tana mutuwa da zafin Afrilu, kai wa mai gyara ya duba fankarta.