Tambaya da Amsa: Aikin babban lauya mai sa ido kan ƙararrakin fursunoni a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni lauya ce, kuma na daɗe ina kare waɗanda ke tsare suna jiran shari'a. Aure zai kai ni Ingila, na kuma ga wani ofishin lauyoyi yana neman babban solisita (lauyan da ke ba da shawara da shirya ƙara) da zai sa ido kan ƙararrakin fursunoni. Shin irin aikinmu ne, kuma zan iya nema? Daga wata Barista, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Barista. Aikin ya sha bamban da wanda kika saba. A Najeriya galibin mazauna gidajen gyaran hali ba a yanke musu hukunci ba, don haka beli da gaggauta shari'a ne abin fafutuka. A Ingila kuwa wannan fanni ya fi shafar wanda aka riga aka ɗaure: yaushe za a sake shi, a wane rukunin tsaro za a ajiye shi daga A zuwa D, da kuma ladabtarwar cikin gidan yari, inda alƙali na waje zai iya ƙara wa fursuna har kwana 42 a kan laifi guda. Dokar Gidajen Yari ta 1952 da Ƙa'idojin 1999 su ne ginshiƙi.

Mafi yawan aikin a gaban Hukumar Farol ake yin sa, wato hukumar da ke sakin fursunoni bisa sharaɗi. Tambayarta ɗaya ce: shin kare jama'a na buƙatar a ci gaba da tsare wannan mutum? Saboda haka lauya ba musanta laifin da ya wuce yake yi ba, aikinsa shi ne bin rahotannin jami'an da ke bibiyar masu laifi a gidan yari da bayan sakinsu, da na masana halayyar ɗan Adam layi-layi, ya yi musu tambayoyi, ya kuma nuna inda fursunan zai zauna in an sake shi. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar wani fursuna mai suna Osborn a 2013, an fi samun damar sauraro baki da baki maimakon yanke magana a kan takarda. Mafi ban tausayi a wannan fanni su ne masu hukuncin IPP, wato ɗauri don kare jama'a mai mafi ƙarancin wa'adi amma ba ranar saki, wanda aka fara a 2005 aka soke a 2012 ba tare da sokewar ta shafi waɗanda aka riga aka yanke wa ba, har wasunsu suka zarce mafi ƙarancin wa'adinsu da shekaru masu yawa.

Shi kuma mai sa ido, nauyin aikin wasu ne a wuyansa. Kusan duk kuɗin aikin daga Hukumar Tallafin Shari'a yake fitowa, wato hukumar gwamnati da ke biyan kuɗin lauya ga marasa hali, kuma ba ta ƙulla yarjejeniya da ofishin da ba shi da ƙwararren mai sa ido. Shi zai raba ƙararraki ga ƙananan ma'aikata, ya riƙa duba fayil ɗinsu, ya tabbatar ba a wuce wa'adi ba: kwana 21 na neman Hukumar Farol ta sake duba matsayarta, da wata 3 na ƙalubalantar hukuma a Babbar Kotu. Idan matashin lauya ya yi sakaci, fursuna ne zai ƙara zama a kurkuku, shi kuma babba ne zai amsa tambaya. A ganina nan ne wahalar take, domin kuɗin da ake biya ƙayyadadde ne, kullum ana jan sa tsakanin ingancin aiki da biyan albashi. Ko tallafin ma bai tsira ba: gwamnati ta zaftare shi a 2013, sai a 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce cire wasu sassan aikin daga tallafin ya saɓa wa doka, bayan ƙarar da ƙungiyar Howard League mai fafutukar gyaran gidajen yari da wata takwararta suka shigar.

Game da nema, shawarata ita ce kada ki fara da wannan kujera. Lauyan Najeriya barista ne kuma solisita a lokaci guda, amma a Ingila sana'o'i biyu ne, kuma sai hukumar SRA mai kula da sana'ar solisita ta yi miki rajista, galibi ta hanyar jarrabawar zama solisita ta SQE da aka fara a 2021. Bayan haka ana buƙatar mai sa ido ya nuna ya gudanar da irin waɗannan ƙararraki da kansa a can. Abin farin ciki shi ne ba dole sai solisita ne ke wakiltar fursuna a gaban Hukumar Farol ba, don haka kina iya shiga a matsayin ma'aikaciyar ƙararraki a ƙarƙashin wani mai sa ido, kina tara ƙwarewa yayin da kike shirin jarrabawa. Allah Ya sanya alheri a auren da tafiyar.