Shin "swaha" ta Indiyawa ita ce "amin" ɗinmu?

Wata mai karatu daga Damagaram ta rubuto tana cewa: "Malam, a fina-finan Indiya nakan ji malamin addinin Hindu yana cewa 'swaha' idan yana zuba wani abu a wuta. Ƙanena ya ce amin ke nan da yarensu. Haka ne?"

Malama, ƙanenki ya kusa, amma kama da wane ba ta wane. Kalmar ta harshen Sanskirit ce, tsohon harshen littattafan addinin Hindu. Masana da yawa sun raba ta biyu: "su", wato mai kyau, da "aha", ya faɗa. Ma'anarta ta asali ke nan "an faɗa da kyau". Daga nan ne ake ganin kamar amin ce.

Amma ki lura da lokacin da ake furta ta. Malamin yana zaune gaban ramin wuta mai kusurwa huɗu, cokalin katako a hannu cike da man shanu. Yana kai ƙarshen karatu sai ya ce "swaha", man ya zuba, harshen wuta ya tashi. Amin ɗinmu, wadda muka samo daga Larabci, roƙo ce: Allah ya karɓa. Ita kuwa swaha kalmar miƙa hadaya ce, da hannu take tafiya. Shi ya sa ba na son a fassara ta da amin, ko da a fim ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, a wurinsu kalmar suna ce kuma. A aƙidar Hindu, Swaha abar bauta ce mace, 'yar wani abin bautarsu mai suna Daksha, matar Agni wanda suke ɗauka ubangijin wuta. Sun yi imani cewa abin da aka zuba a wuta ba ya isa ga waɗanda aka nufa sai an ambaci sunanta. Idan hadayar ta kakannin da suka rasu ce, sai a ce "swadha", sunan 'yar'uwarta.

Mabiya addinin Buda sun ɗauki kalmar suna rufe wuridinsu da ita, ko babu wuta a gabansu. Mutanen Tibet na cewa "soha", na Japan "sowaka". Kamar dai yadda bakin Bahaushe ya mai da "al-khabar" labari.

A harshen Hindi na yau, idan gobara ta lashe shagon mutum ko caca ta cinye dukiyarsa, sukan ce "swaha ho gaya". Idan kin ji wannan a fim, babu ibada a ciki. Abin da muke cewa ne: komai ya zama toka.