Fili mai araha a kan tsohon kududdufi: in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Dillali ya nuna mini fili a nan Kano, kuɗinsa bai kai na maƙwabtansa ba. Na ji ƙishin-ƙishin da can kududdufi ne aka cike. Yaya zan gane ko ruwa zai dame ni? Daga wani mai karatu, Kurna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yanke hukunci da rani. Jira watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, ka je filin awa ɗaya bayan an ɗauke ruwan sama mai yawa. In har ruwa yana kwance, ka haƙura.

Akasarin kududdufan Kano ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini, kuma can ruwan unguwa yake gangarawa. Ko an cike ramin, gangaren yana nan. Babbar matsalar ita ce abin da aka cike da shi. Sa a haƙa rami mai zurfin mita 1.5 zuwa 2 a wurare biyu. In leda da tsumma da baƙar ƙasa mai wari suka fito, bola ce. Tana ruɓewa tana lotsawa, tushen gini ya zauna gefe guda, bango ya tsage daga kusurwar taga. Gini a nan sai da injiniya, kuma kuɗin tushen kan cinye arahar.

Duba katangun maƙwabta. Shatin laka, filasta mai ɓarewa daga ƙasa, farin gishiri a gindin bango, dandamalin da aka ɗaga a ƙofar gida, buhunan yashi, duk suna gaya maka iya inda ruwa ya kai. Tambayi mai unguwa da dattawan layin ko masai yana cika da damina. Dillali dai kamashonsa yake nema.

Ka nisanci bakin rafin Jakara da duk wani kwari ko kwazazzabo. Kafin ka biya, je hukumar tsara birane ta Jihar Kano, wato KNUPDA, ka tabbatar filin ba kan magudanar ruwa yake ba, don irin wannan gini rushe shi ake yi.

In filin ya tsallake duk wannan, ɗaga daɓen gidan ya ɗara titi da bulo 2 zuwa 3, wajen santimita 45 zuwa 70, domin in aka zo gyaran titi ana ƙara masa tudu. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe, kwata kuma ta fita ta haɗu da babbar lambatu.